'Ya'yan Madacin da Ka Bari a Bayan Shagona

Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowannenmu zai koma.

Ranar Talata, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina, wanda mutanen unguwa suka sani da Mai Madaci, bayan jinyar da ya sha a asibiti. Ina cikin shagona ina yanka katako 'yarsa ta kira ni a waya. Ba ta iya ƙarasa maganar ba, ni ma ban bari ta ƙarasa ba. Na ajiye zarton a kan benci, na zauna a kan dusar katako, na rasa wanda zan fara gaya wa. Mutumin da na saba kai wa kowane labari, mai daɗi da marar daɗi, shi ne aka ce ya tafi.

Ni kafinta ne. Ban saba da rubutu ba, in ban da alamar da nake ja da fensirin da ke saƙale a kunnena. Amma masu ta'aziyya sun zo sun watse, ni kuwa maganar da ke cikina ba ta ƙare ba. Don haka ka yi haƙuri, aboki, yau da kai zan yi magana, kuma a karo na farko ba za ka katse ni ba.

Na tuna ranar da ka fara shigowa shagona, lokacin kana aikin gandun daji, gashin kanmu bai fara fari ba. Ka tarar ina goge wata ƙofa ta jan katako. Ba ka tambayi komai ba. Ka shafa ta da tafin hannu, ka kai hanci ka sunsuna, sannan ka ce, "Wannan madaci ne, kuma daga bakin ruwa aka saro shi. Allah Ya jiƙansa, ya girmi kakanka." Na ce maka in aiki ka kawo ka faɗa, in kuwa zaman makoki ka zo yi to ka yi ɓatan hanya. Ka yi dariya har ka dafa bango. Daga ranar ka sa mini suna Mahauci, wai ni gawar itace kawai na sani. Ni kuma na rama da Ungozoma, tunda kai aikinka karɓar haihuwarsu. Har muka tsufa ba mu daina wannan kiran ba. Mutane da yawa sun ɗauka ba ma shiri, alhali ban da kai ba ni da wanda nake iya yi wa tsiya in kwana da daɗin rai.

Kai ka fara kai ni rafin nan na bayan gari. Na je ne don ka ishe ni da naci. Muka bar titi, muka ratsa gonaki a cikin rana mai ƙuna, sai ga wani ɗan guntun kurmi ya rage a gaɓar ruwa. Muna shiga na ji sanyi ya sauko mini a ka. Ƙasa baƙa ce mai laushi, ganye ya ruɓe a kanta, ƙafa tana nutsewa. Ga kanya, ga ɗinya, ga wani ɓaure ya karkata ya leƙa cikin ruwa, kurciyoyi na ta kuka a sama. A tsakiyarsu kuwa ga wata bishiyar madaci da mutum uku ba za su rungume ba, ta miƙe santal kafin ta buɗe rassa. Ka ce sunanta Tsohuwa. Ka ce lokacin da ka fara aiki irinta sun jeru a gaɓar nan har inda ido ya ƙare, ana tafiya a inuwa tun daga gada har mahaɗar ruwa, birai na bin mutum ta sama. Aka sare, aka nome har bakin ruwa, aka kwashe yashi, sai ita kaɗai ta rage.

Ni a lokacin, ba zan ɓoye ba, idona awo yake yi. Na ce, "Wannan za ta ba da ƙofofin gida guda har da kujeru." Ka dube ni kamar na zagi mahaifiyarka, ka ce, "Mahauci, in ka sake zan bar ka a nan ka nemi hanya da kanka."

A wurinka na koyi cewa madaci ɗan bakin ruwa ne. Ka ce ana dasa shi a gefen titi ya rayu, har ya yi inuwa, amma wannan zaman haƙuri yake yi. Gidansa ƙasa mai zurfi ce mai laima, inda saiwarsa za ta sauka ta tarar da ruwa ko da rani. Ka nuna mini 'ya'yansa, masu kama da ƙwallon katako, waɗanda ke tsagewa gida huɗu idan sun nuna, iska ta kwashe irin mai fukafukai. Ka ce irin ba ya jiran kowa, in aka ajiye shi ya daɗe sai ya mutu a hannu. Shi ya sa duk bazara ba a ganinka a gari. Kana can gindin Tsohuwa da buhu, wuyanka a sama, kana jiran ranar da za ta buɗe.

Ban manta da wata dattijuwa da muka tarar a can tana ɓare ɓawon Tsohuwa da wuƙa ba. Ta fara zagaye gindin da yanka, kuma kai ka san itacen da aka yi wa zobe ba ya rayuwa. Na ɗauka za ka yi mata faɗa, don na san zafinka a kan bishiyar nan. Sai ka gaishe ta har da rusunawa, ka tambayi wanda ba shi da lafiya. Ta ce jikarta ce. Ka karɓi wuƙar, ka fere mata siririn ɓawo daga sama zuwa ƙasa a gefe guda, ka ɗebo laka a bakin ruwa ka shafe wurin. Ka ce mata, "Inna, in kika zagaye ta, baɗi ba za ki same ta ba. Kuma ki kai yarinyar asibiti a duba ta." Sannan ka ɗaure mata ɓawon, ka raka ta har titi. Haka kake. Ba ka taɓa fifita itace a kan mutum ba, ko da yake mu da ba mu da haƙuri mun sha zarginka da hakan.

Alherin da ka yi mini kuwa ban gane shi ba sai da aka daɗe. Shekarar da uwar 'ya'yana ta rasu, yaran duk sun yi nisa da aiki da aure, na koma ina buɗe shago in rufe ba tare da na yi magana da kowa ba sai mai kawo aiki. Ana nan ka zo ka ce wai tsakar gidanka ba ta samun rana, in ba ka aron ɗan filin da ke bayan shagona, tsakanin bango da magudanar ruwa, ka jera ledojin da kake renon itatuwa a ciki. Na ce ka ɗauka. Ka kawo baro da shebur da taki, ka cika wurin da baƙaƙen ledoji. Daga nan kullum da la'asar sai in ji tarinka a bayan bango, in fito da benci in zauna a ƙofar baya, kana aiki muna gardama har rana ta faɗi. Sai da aka yi shekara biyu na shiga gidanka da rana tsaka, na ga tsakar gida fes, rana ta cika ta daga bango zuwa bango. Na dube ka, ka ɗauke kai ka ce in zo in ga wata kujera da ta karye. Kai ma ka rasa taka matar, ka san yadda la'asar take yi wa mutum shi kaɗai. Ban taɓa yi maka godiya ba, don na san da na fara za ka ce Mahauci ya fara ruɗewa.

Kana ba da dashe ga duk wanda ya nema, amma sai ya sha tambayoyi kamar mai neman aure. Ina za ka dasa? Akwai bango kusa? Wa zai ba shi ruwa? Awaki fa? Wani mai shago ya taɓa fushi ya tafi don ka ce masa ƙofar shagonsa ba ta isa madaci ba, ya nemi wani itacen. Ka ce gara ya yi fushi yau da ya kira mai gatari nan da shekara goma.

Akwai aikin da ba ka taɓa bar wa kowa ba, shi ne ɗaga leda. Kowace Asabar za ka tsuguna, ka ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa ƙarƙashi. In saiwa ta ɓullo ka datse ta da almakashi, ka matsar da ledar gefe kaɗan. Na tambaye ka dalilin wannan wahala. Ka ce madaci tun yana ɗan tsiro hankalinsa na ƙasa, ruwa yake nema, bai san leda ba. In aka ƙyale shi zai huda ta ya kama ƙasar da ke ƙarƙashi, ya ɗauka ya iso gida. Ranar da aka zo ɗaukarsa sai a tsinka masa uwar saiwa, kuma da wuya ya tashi. Na ce, "Wato kullum kana hana su zama." Ka ce, "Ina tuna musu nan ba gida ba ne."

Daminar bara ruwa ya ci gaɓar rafin, Tsohuwa ta faɗi. Da ma gefenta ɗaya ya ruɓe saboda masu ɓare ɓawo da ba ka samu ka yi wa magana ba. Kafin mako ya zagayo masu injin yanka sun gama da ita. Har shagona aka kawo tallan katakonta, jawur, irin wanda na yi shekaru ban gani ba. Na ce a kai gaba. Da ka ji, ka ce, "Mahauci ya tuba." Amma ba ka yi dariya ba, kuma ranar ba ka daɗe ba ka tafi gida.

Abin da ya rage na Tsohuwa a duniya shi ne ledojin da ke bayan shagona, na irin da ka tsinto a bazararta ta ƙarshe. Ka ce waɗannan ba za ka ba kowa ba. Za ka rene su shekara guda su yi ƙwari, in damina ta zauna ka mayar da su gaɓar da uwarsu ta tsaya. Har ka shawo kan manomin da gonarsa ke bakin rafin ya bar maka gefen ruwa, bayan ka nuna masa yadda ruwa ke cinye masa ƙasa tun da itatuwan suka ƙare.

Sai ciwo ya kwantar da kai ana tsakiyar zafi. Na je asibiti na same ka ka rame, amma bakin yana nan. Tambayarka ta farko ita ce ledoji. Na ce ina ba su ruwa safe da yamma, in kana so in ɗaga su ma. Ka girgiza kai a kan filo ka ce, "Ruwa dai, Mahauci. Ɗagawar ka bar mini. Hannunka yanka ya sani, ka ga saiwa sai ka yi mata aikin zarto. Zan fito in yi da kaina." Na yarda da kai, don ni ma abin da nake so in ji ke nan. Duk zuwan da na yi haka ka ce, zan fito. Ni kuma na dage da ban ruwa, ina jin daɗi suna ta tsawo suna sheƙi, ina zuwa ina ba ka labari kana murmushi. Ba mu yi maganar dalilin da ya sa suke irin wannan girman ba. Ina jin kai ka sani.

Bayan an kai ka makwanci, 'yarka ta biyo ni shago. Ita ce ta tashi a cikin ledojin nan kafin aikin jinya ya kai ta wani gari mai nisa. Ta tsuguna yadda kake tsugunawa, ta kama leda ɗaya ta ja, ledar ta ƙi motsi. Ta gwada ta biyu, ta gwada ta uku. Sannan ta zauna a ƙasa ta ce, "Baba, duk sun kama." A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a gaban mutane ba.

Na so in bar su a inda suke. Ba don komai ba sai don in fito da la'asar in ga wani abu naka yana motsi a bayan bango. Amma mai ginin da nake haya ya zo mini gaisuwa, ya leƙa baya, ya ce cikin ladabi wannan itace ba na gindin bango ba ne, ga wayar wuta a sama, ko ban cire ba dole wata rana a sare. Ban ji haushinsa ba. Maganar da ka gaya wa wancan mai shagon ce ya maimaita mini. In na bar su gatari na jiransu, in na tsinke su ƙila su mutu a hannuna, kuma babu wata Tsohuwa da za a koma wa neman iri.

Kafin 'yarka ta koma bakin aiki ta nuna mini yadda kake yi in abu ya ɓaci. A tona a hankali ta gefe, a bi saiwar ƙasa gwargwadon iko, a yanke ta sau ɗaya da abu mai kaifi, kada a fizga. A rage ganye sosai, a kai su inuwa su huta kafin a ɗauke su. Ta yi 'yan kaɗan tare da ni, mota ta zo ta tafi. Sauran ni kaɗai na yi. Na rufe shago, na wasa almakashinka, na tsuguna da waɗannan gwiwoyin da ba sa son tsuguno. Na yi shekara arba'in ina yanka itace ban taɓa jin tsoron yanka ba sai a kan saiwar da ba ta kai kaurin fensiri ba. Duk wadda na yanke sai in ji kamar za ka yi tari a bayana ka ce ba haka ba. Na ƙagu in ji ka faɗa, amma babu abin da nake ji sai ƙarar motoci a titi.

Da ruwa ya zauna, wani mai a-kori-kura ya kai ni da ledojin bakin rafi, ya taya ni saukewa ya juya. Manomin nan ya cika alkawari, har ya taya ni haƙa ramuka da kewaye su da ƙaya saboda awaki. Muka dasa su a jere daga kututturen Tsohuwa zuwa wajen ɓauren. Ba su yi kama da komai ba sai tsinkaye da aka soke a laka.

Na yi ta komawa. Da yawa sun bushe, ba zan yi maka ƙarya ba, sun fi rabi. Ina taɓa su suna karyewa a hannuna. Sauran kuma suka tsaya cik, ba su mutu ba, ba su yi tofo ba. Kowane zuwa ina dawowa jikina a sanyaye, in zauna a shago in kasa ɗaukar guduma.

Makon jiya na je da safe bayan an kwana ana ruwa. Tun daga nesa na hango kan tsinkayen ya yi ja. Na matsa na ga wasu ƙananan ganyaye jajaye, a lanƙwashe, sun yi laushi kamar an watsa musu ruwan zafi. Na ce shi ke nan, cuta ta kama sauran ma, na ƙarasa zuriyar Tsohuwa da hannuna. Na yi niyyar tsinke jajayen ko Allah zai sa cutar ta tsaya, har na kama ɗaya da yatsu. Sai na ga gara in gaya wa 'yarka tukuna, kada ta ji a bakin wani. Na kira ta na ce ta yi haƙuri, amanar mahaifinta ta lalace a hannuna.

Ta ce, "Baba, tsaya. Jan nan, yana sheƙi? A can saman yake fitowa?"

Na ce haka ne.

Ta ce, "Don Allah kar ka taɓa su! Ai sun kama ke nan. Haka sabon tofon madaci yake fitowa, ja, daga baya ya koma kore. Baba, duk zaman da ka yi a bayan shagon nan ba ka taɓa lura ba?"

Na san jan madaci a bakin zarto, na san ɗacin ƙurarsa a maƙogwaro, amma ban san da ja yake fara rayuwa ba. Ko na taɓa gani a cikin koren ledojinka, bai zauna mini a ido ba. Duk shekarun nan da nake fito da benci da la'asar, ashe ba ganyen nake kallo ba, kai nake kallo.

Na zauna a kan kututturen Tsohuwa na daɗe. Ruwa na wucewa, kurciya na kuka a kan kanya, ga labari mafi daɗi da na taɓa samu a bakina, kuma mutum ɗaya ne a duniya da zai yi tsalle in ya ji shi. Na faɗa da ƙarfi duk da haka. Na ce, "Ungozoma, sun tashi." Manomin ya ɗago daga cikin gonarsa ya dube ni, sannan ya mayar da kai ga aikinsa. Allah Ya saka masa da alheri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka, wadda yanzu tawa ce, da ƙannenta, da jikokinka, da 'yan'uwanka, da tsofaffin abokan aikinka na gandun daji, da duk wanda ya taɓa hutawa a inuwar da ka dasa bai san sunanka ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka sa kowane itacen da ya rena ya zama sadaka mai gudana a gare shi, duk tsuntsun da ya sauka a kai da duk matafiyin da ya fake a ƙarƙashi. Ka raya waɗannan na bakin rafi, Ka tsare su daga gatari da ambaliya, su kai girman da ni ba zan gani ba.

Wanda ya karanta wannan kuma, in ya gama yi masa addu'a, ya sa ni a ciki. 'Ya'yan madacin sun koma gidansu, shi ma ya koma nasa. Bayan shagona yanzu fili ne, sai zagayayyun tabo a ƙasa inda ledojin suka zauna, kuma la'asar tana yi kullum. Allah Ya jiƙanka, abokina. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a inuwar da ba ta gushewa. Amin.